Mai kare, kama igiyarka

Bayan la'asar, daidai lokacin da 'yan Islamiyya ke tashi, akwai wani abu da ido ya fara sabawa da shi a sababbin unguwannin Kaduna da Jos da Abuja. Saurayi ne zai fito da baƙin kare irin na ƙasar waje, girmansa ya kusa na ɗan maraƙi, harshe a waje, wuya babu igiya. Nan take yara su watse, wata ta bar takalminta ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya. Dattijuwa mai dawowa daga barka ta manne da katanga tana salati.

"Ɗan nan, don Allah kama karenka."

"Ba ya cizo, Mama. Wasa yake miki. Kar dai ki gudu."

Wannan "ba ya cizo" ita ce maganar da ta fi kowace ban haushi a sha'anin karnuka. Mai kare ya san karensa, ko kuma yana zaton ya san shi. Dattijuwar nan kuwa ba ta taɓa ganinsa ba, kuma babu wanda ya nemi yardarta kafin a mayar da hanyar gidanta filin motsa jikin dabba.

Tsoronta yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, ta hanyar kare ya kamu. Da zarar alamun cutar sun bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to da wuya a tsira. Allurar da ake yi bayan cizo tana aiki in an yi ta da wuri, amma sau da yawa akan je ƙaramin asibiti a tarar babu, in ma akwai kuɗinta ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya tashi a garin da aka taɓa binne yaro saboda cizon mahaukacin kare, ba zai tsaya tantance wanne ne aka yi wa rigakafi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi.

Wasu kan jingina abin da addini kaɗai, amma maganar ta fi haka faɗi. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancin Musulmin ƙasar Hausa ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don farauta da kiwo da gadin gona. Mafarauta da makiyaya sun daɗe da karnukansu, a daji da ruga. Sabon abu shi ne kare na ƙawa da nuna isa, a cikin cunkoson birni.

Ingila ce ƙasar da ya kamata masu wannan ƙawa su duba, tun da can suke kwaikwayo. Mutanen can suna son kare har su kwana ɗaki ɗaya da shi, su shiga jirgin ƙasa tare, kuma sun rabu da haukan kare tun farkon ƙarnin da ya wuce. Duk da haka dokarsu ta 1991 kan karnuka masu haɗari ba ta jira sai an ga jini. Idan kare ya yi abin da ya sa mutum fargabar zai ji masa rauni, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya ƙwace wa mai shi, kuma mai shi ne zai amsa tambaya. Ƙananan hukumomi suna da ikon hana kare shiga filin wasan yara, ko su wajabta igiya a wani lambu. Wanda ya karya ana cin sa tarar fam 100 nan take, in an je kotu ta kai fam 1,000. Bayan jerin hare-haren da suka ci rayuka, daga 31 ga Disamba 2023 aka wajabta igiya da takunkumi ga nau'in da ake kira XL Bully a bainar jama'a, daga 1 ga Fabrairu 2024 kuma mallakarsa ba tare da takardar izini ba ta zama laifi.

Sai dai dokar can ba mai tsoro kaɗai take karewa ba. A nan makaho yana da ɗan jagora mai riƙe masa sanda. A can kare ne ɗan jagoransa, wanda aka yi wa horo na musamman. Dokar daidaito ta 2010 ta ce direban tasi da ya ƙi ɗaukar makaho saboda karensa ya yi laifi, sai in yana da takardar da ke nuna lafiyarsa ba ta jure zama da kare. A 2008 wani masallaci a birnin Lesta ya warware irin wannan matsala cikin hikima. Wani matashi makaho yana son zuwa salla da karensa, malamai suka ba da fatawa, aka keɓe wa karen wuri a mashiga, ba ya taka inda ake sahu. Matashin ya samu jam'insa, masallata kuma hankalinsu a kwance.

Wato kowa ya rage wani abu. Amma kaso mafi nauyi yana kan mai kare, domin shi ya zaɓi ya ajiye dabba, mai wucewa bai zaɓi komai ba.

Abin da ake bukata a biranen Arewa bai kai a kafa kwamiti ba. Igiya mai ƙarfi a hannun babba, ba a hannun yaron gida ɗan shekara 12 da kare zai ja ƙiii ba. Takunkumi ga manyan karnuka. Nesa da ƙofar makaranta da kasuwa da masallaci da coci a lokutan da jama'a ke cika. Sai rigakafi: masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar takan daina yawo, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa allurar. Masu unguwanni sun san gidan da ke da kare fiye da kowane ma'aikacin gwamnati. Da su ya kamata ƙaramar hukuma ta fara rajista.

Kafin a kai can, iyaye su koya wa yara cewa gudu da jifa suna ƙara tunzura kare. In kuma tsautsayi ya faɗa, a wanke wurin cizon da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a wuce asibiti a ranar, ko da mai karen ya rantse cewa karensa lafiya lau yake.