Masu cewa fentin gada ɓarnar kuɗi ne, ku saurara

'Yan uwa mazauna Anacha da Asaba,

Duk lokacin da aka tayar da maganar yi wa tsohuwar gadar Neja fenti, sai ka ji wasu daga cikinmu na cewa ai kwalliya ce kawai, hanyar cin kuɗi ce, tunda ga sabuwar gada an buɗe a 2023. Wannan magana ba ta da tushe, kuma abin takaici ta fi fitowa daga bakin waɗanda tirelolinsu na shanu da albasa ke hawa gadar nan kullum.

Gadar nan ta ƙarfe ce, an gama ta a 1965, tsawonta ya kai wajen kilomita 1.4. Shekara sittin ke nan tana tsaye a kan ruwa, a ƙasar da damina ke cin fiye da rabin shekara. Ƙarfe kuwa idan ya haɗu da danshi da iska, tsatsa ce. Tsatsa ba a sama take tsayawa ba, cin jikin ƙarfen take yi har ya sirance, kuma ta fi ɓarna a mahaɗa, wajen notoci, inda ruwa ke kwanciya ido bai gani. Fenti shi ne katangar da ke raba ƙarfen da ruwa.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne idan ɗan kwangila ya zo da buroshi ya shafe tsatsa da launi mai ƙyalli. Wannan ha'inci ne, don tsatsar na ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. Aikin gaske sai an feshe ƙarfen da yashi ta inji har ya fito fes, a sa shafin farko mai tutiya, irin sinadarin da ke hana kwanon rufi tsatsa, a bi da shafi mai kauri na tsakiya, sannan na sama mai jure rana. Kaurin kowane shafi da na'ura ake auna shi. Gadar Forth ta Sikotland, wadda aka buɗe a 1890, an kwashe shekara goma ana yi mata irin wannan aiki, aka gama a 2011. A birnin Jenowa na Italiya kuma, gadar Morandi ta rufta a 2018, mutum 43 suka mutu, bincike ya gano tsatsa ta cinye wayoyin ƙarfen da ke riƙe da ita.

Mu ma da namu laifin. Ƙona bola a gindin gada na ƙona fenti, fitsari a jikin ƙarfe gishiri ne, gishiri kuwa yana gaggauta tsatsa.

A taron wata mai zuwa zan kawo shawarar mu rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya, mu nemi a faɗa mana yaushe aka duba fentin gadar nan na ƙarshe, da kuma wanda ya auna kaurinsa. Shugabannin direbobi da na 'yan kasuwar bakin gada, muna buƙatar sa hannunku.

Sakataren ƙungiya