RA'AYINMU: Tarhon Intanet da Masu Sarinsa

A 'yan kwanakin nan wata magana ta cika ɗakunan kwanan ɗalibai, har ta tsallaka ofisoshin gwamnati, wai akwai sana'ar da mutum zai yi yana kishingiɗe bisa gadonsa: ya sari mintocin kiran waya ta intanet daga wani kamfani na ƙasar waje, ya sayar wa jama'a, riba ta riƙa shigowa. Tun da yake masu karanta wannan mujalla su ne waɗanda ake kaɗa wa wannan ganga, mun ga wajibinmu ne mu faɗi abin da muka hango tun kafin wani ya zuba kuɗin makarantarsa a ciki.

Ba mu musun alherin abin kansa, domin duk wanda ya san jiya ba zai raina yau ba. An kafa NITEL a 1985, amma har zuwa shekarar 2000 layukan tarho a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, alhali kuwa jama'a sun haura miliyan 100. Mai son magana da ɗansa a Ingila sai ya yi sammako ya bi layi a ofishin tarho. Da wayar salula ta zo a 2001, minti guda naira 50 ne. Yau kuwa ɗalibi a Alƙahira ko Kuala Lumpur yana hira da mahaifiyarsa a Katsina har tuwo ya huce, kuɗin da ya kashe bai kai na ƙosai ba.

Dalilin wannan araha ba boyayye ba ne. Tarhon da muka sani a da, idan ka buga, sai a keɓe maka hanya guda tun daga nan har can, ba mai bin ta sai ka ajiye, kai kuwa ka biya gwargwadon nisa da daɗewa. Na intanet yayyanka murya yake yi ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ya bi hanyar da ya samu tare da kayan sauran mutane, in sun isa a sake jera su. Saboda haka Zariya da Jidda duk ɗaya ne a wurinsa. Wani kamfani mai suna VocalTec ne ya fara fito da shi kasuwa a 1995, Skype ya yaɗa shi daga 2003, sa'an nan WhatsApp ya sa shi a aljihun kowa a 2015.

To, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ƙullin da ya makara ko ya ɓace a hanya shi ne muryar nan da ke yankewa, kana "ina jinka, kana jina?" har magana ta gundure ka. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta ce in ana son hira ta tafi daidai, kada jinkirin murya ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa guda, mu kuwa mun san halin da intanet ke ciki a garuruwanmu da maraice. Ran 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a yammacin Afirka, mun ga yadda harkoki suka tsaya cik. Haka nan ba a kiran lambar gaggawa ta 112 da WhatsApp, kuma tsohuwar da ke ƙauye da ƙaramar waya ba ta cikin wannan biki sam. Kuɗin data ma ba a tsaye yake ba: a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin 100.

Sai batun sari, wanda shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami. Tambayar da ya kamata mai shiga kowace kasuwa ya fara yi ita ce, wa zai saya? Mutum biyu masu babbar waya ba su bukatar dillali a tsakaninsu. Abin da ya rage na sayarwa shi ne kira daga intanet zuwa layin waya na yau da kullum, shi kuwa akwai kuɗin sauka da kamfanin mai layin yake karɓa, ribar da ke saura ba ta taka kara ta karya ba. Daɗin daɗawa, da dala ake sari, da naira ake sayarwa. Wanda ya ƙulla ciniki a farkon 2023, sa'ad da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura naira 1,500. Kuma wannan kasuwa ba ta da amana. Ina 'yan uwanmu masu lema da teburi da suka cika bakin titi suna sayar da kira bayan 2001? Waya ta yi araha, sana'ar ta watse. Kai, Skype kansa, wanda Microsoft ya saya dala biliyan 8.5 a 2011, an rufe shi a watan Mayun 2025. In guguwa ta tumɓuke kuka, ina labarin tumfafiya?

Wanda ya ce maka duk da haka akwai riba mai kauri, to, ka tambaye shi ta ina. Sau da yawa amsar ita ce akwatin layuka. A 2016 NCC ta ɗaga kuɗin saukar kiran ƙasashen waje daga naira 3.90 zuwa naira 24.40 a minti, ya zama ya ninka na kiran cikin gida sau da yawa. Nan 'yan fasa-ƙwauri suka ga ƙofa. Sai su ɗauko kira daga London ta intanet, su sauke shi a wani ɗaki cikin akwati mai ɗauke da layuka barkatai, daga nan ya fita kamar kiran gida. Shi ya sa wani lokaci ɗan'uwanka zai bugo daga Turai ka ga lambar Nijeriya. Kamfanonin waya sun yi asara, baitulmali ya yi asara, kuma an ɓad da sawun mai kira a ƙasar da masu garkuwa da mutane ke ciniki ta waya.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne inda ake samo layukan. Tun Disambar 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Mai akwati ba zai sa sunansa ba, sai ya nemi ɗalibin da aljihunsa ya bushe a ƙarshen zango, ya ba shi abin cefane, ya karɓi layuka da sunansa. Ranar da aka kama akwatin, ko aka yi barazana ga wani da ɗaya daga cikin layukan, sunan da zai fito na ɗalibin ne, uban gidan kuwa ya daɗe da sauya unguwa. Ga ƙananan ma'aikata kuma muna tunatarwa cewa tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma.

Ba cewa muke yi babu halal a wannan fage ba. Akwai, sai dai tana hannun mai ilmi, ba mai talla ba. Asibitoci da makarantu da manyan kantuna suna bukatar wanda zai haɗa musu ofisoshinsu da tarhon cikin gida ta intanet, ya tsara lambobi, ya zo gyara in abu ya lalace. Manhajar Asterisk, wadda ake irin wannan aiki da ita, kyauta ce tun 1999, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Wanda ya iya wannan guminsa yake sayarwa, kuma tashin dala ba ya cinye shi. Wanda kuwa ya nace sai ya yi sari, dokar sadarwa ta 2003 ta hana ba da hidimar sadarwa ba tare da lasisi ba, saboda haka ya nemi ganin lasisin kamfanin da zai yi wa dillanci, ya duba sunansa cikin jerin da NCC ke wallafawa, ya kuma sa a rubuta wanda zai biya abokan ciniki ranar da layi ya mutu da kuɗinsu a ciki.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da su gayyato jami'an NCC daga ofishinsu na shiyya kafin hutu, su zo su yi wa jama'a bayani a zauren taro. Muna kuma roƙon malaman sashen kwamfuta su buɗe darasin ranar Asabar kan haɗa tarhon ofis, a bar ƙofa a buɗe ga ɗaliban kowane sashe.