Jami'a Ko Kanti? Maganar Ɗaliban Da Suka Tsaya Wa Italiyanci

Ya 'yan'uwa ɗalibai, wata cuta ta kama jami'o'in Amurka, kuma ya kamata mu san kamanninta tun tana nesa. Cutar ita ce auna kowane fannin ilmi da mudun 'yan kasuwa: a ƙirga kawunan ɗalibai, a ƙirga kuɗin da suka kawo, in lissafi bai fita ba a garƙame sashen. Harsunan waje su suka fi shan wannan wuƙa, Italiyanci kuwa yana sahun gaba. Ƙungiyar Nazarin Harsunan Zamani ta Amurka ta ƙididdige cewa daga 2013 zuwa 2016 tsare-tsaren koyar da harsunan waje har 651 suka ɓace a manyan makarantun ƙasar, 56 daga cikinsu na Italiyanci ne.

A watan Oktoba na 2010 shugaban Jami'ar Jiha da ke Olbani, George Philip, ya ba da sanarwar daina ɗaukar ɗalibai a fannoni biyar, har da Faransanci da Rashanci da Italiyanci, alhali kuwa jiharsa ta Niyu Yok ta fi kowace jiha a Amurka yawan jikokin Italiyawa. Mutum zai ce ai wannan talaucin jami'ar gwamnati ne. To, sai ga Jami'ar Shikago, wadda ba a sa ta cikin matalauta, a watan Agusta na 2025 ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban digiri na uku na zangon 2026 zuwa 2027 a sassa da dama, ciki har da sashen harsunan da suka tsiro daga Latin, inda Italiyanci yake zaune.

Amma inda ɗalibai suka nuna su 'yan halak ne shi ne Jami'ar Bajiniya ta Yamma, a 2023. Hukumar jami'ar, ƙarƙashin shugabanta Gordon Gee, ta ce tana da giɓin dala miliyan 45, saboda haka za ta rushe sashen harsunan duniya ɗungurungum, da Italiyancinsa da Jamusancinsa da digirinsa na biyu a kimiyyar harshe. Don ƙarin cin fuska har aka ce wataƙila a haɗa ɗalibai da wata manhajar waya ta koya musu harshe. Ran 21 ga Agusta ɗalibai suka fice daga azuzuwa sanye da ja, don tunawa da jan ƙyallen da mahaƙan kwal na jiharsu suka ɗaura a wuya sa'ad da suka yi fito-na-fito da masu ma'adinai a 1921. Da yawa cikin masu zanga-zangar ba su taɓa zama ajin Italiyanci ba. Sun dai san tarihin garinsu. Ba nisa da jami'ar akwai Monongah, inda ramin kwal ya fashe ran 6 ga Disamba 1907 ya hallaka mutum 362 bisa lissafin hukuma, kusan rabinsu baƙi ne daga Italiya. Watau jami'ar da gumin waɗannan lebura ya taimaka wajen gina jiharta ita ce ta ce harshen da suka yi kuka da shi bai kai a biya malaminsa ba.

Malamai suka jefa wa shugaban ƙuri'ar rashin amincewa, 797 a kan 100. Duk da haka ran 15 ga Satumba majalisar gudanarwa ta soke digiri 28 da kujerun malamai 143. An kayar da ɗaliban, ba mu musun haka. Abin da muke musu shi ne cewa sun yi kuskure.

Bari mu ɗauki hujjar hukumomi da mutunci, don ba duka ce banza ba. Sun ce masu neman digiri na biyu da na uku a Italiyanci ba su da yawa, kuma in sun gama, kujerun koyarwa sun yi ƙaranci. Gaskiya ne. Jami'ar da ta ɗebi matasa ashirin ta yi musu alkawarin aikin da babu, ta cuce su, kuma dole a rage yawan, a kuma faɗa wa mai shiga gaskiyar abin da ke jiransa. Amma rage shuka daban, cinye iri daban. Ɗalibin babban digiri shi ne irin. A tsarin Amurka shi ne yawanci yake koyar da 'yan ajin farko, shi ne kuma malamin da zai gaji tsohon shaihi in ya yi ritaya. In an tsayar da ɗaukarsa, azuzuwan farko su ragu. In sun ragu, masu ci gaba da fannin su ragu. Shekara uku sai ga akawun jami'a da takardarsa yana cewa, kun gani, ba mai so. Ashe shi ya kashe majinyacin, kana ya dawo yana nuna gawa a matsayin shaida. Ga shi kuma digiri na uku yakan ci shekara biyar zuwa bakwai, saboda haka ɓarnar da aka yi da sa hannu guda ba ta gyaruwa da sa hannu guda.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da Italiyanci? Ruwanmu ya kai wuya. Littafin da ya fara kai wa Turai cikakken bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas, da Italiyanci aka rubuta shi. Mawallafinsa Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa ne da ya girma a Fas. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 aka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10, ya kammala littafinsa a birnin Rum a 1526, wani mai suna Ramusio ya buga shi a Benis a 1550 bayan ya yi masa gyare-gyare da son ransa. Daga nan aka juya shi zuwa Latin a 1556, juyin da ya cika da kurakurai, kuma a kan wannan na Latin ɗin ne John Pory ya fi dogara sa'ad da ya yi na Ingilishi a 1600. Wannan na Ingilishin, jikan asali ba ɗansa ba, shi ne ɗalibanmu na tarihi suka daɗe suna kafa hujja da shi. Rubutun hannu mai ɗauke da asalin maganar kuwa sai a ƙarni na 20 aka gano shi, yana ɗakin karatu na ƙasa a Rum.

Abin ba wasa ba ne. Alwazzan ne ya ce Askiya na Songai ya ci Kano da Katsina da Zazzau da yaƙi, alhali littafin Tarihin Kano bai ambaci wannan ci ba. Masana sun daɗe suna jayayya ko shi ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa, ko kuwa ji ya yi daga bakin fatake. Wanda zai shiga wannan muhawara da ƙarfinsa dole ya iya karanta Italiyancin ƙarni na 16, ya bambance maganar Alwazzan da ƙarin gishirin Ramusio. Wace manhajar waya ce za ta koyar da wannan? Irin wannan mai karatu a ajin digiri na biyu da na uku kaɗai ake ƙera shi. Haka nan Giovanni Lorenzo d'Anania, wanda a cikin ƙarnin nan ɗaya ya jera Kano da Fas da Alƙahira a matsayin manyan biranen Afirka uku. Haka nan takardun mulkin mallakar Italiya a Libiya daga 1911, waɗanda suka shafi Fezzan da Gat, hanyar da ayarin Kano ke bi zuwa Tarabulus. Ba a ma zo kan kamfanonin Italiya da suka gina madatsun ruwan Kainji da Bakolori ba, ko sojan da Italiya ta aika Nijar a 2018.

Su kuwa Italiyawa ba su yi sake ba. A Jami'ar Nazarin Gabas da ke Nafoli, wadda asalinta ya koma 1732, an daɗe ana koyar da Hausa, har shaihin malami Sergio Baldi ya wallafa ƙamus na Hausa da Italiyanci. Ajin Hausa a Nafoli ba zai taɓa cika kamar ajin koyon kasuwanci ba. Da an auna shi da mudun Gordon Gee, da tuni an share shi. Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa jin an tambaye shi, cikin raini, me zai yi da digirinsa, ya san wannan mudu, don da shi ake auna shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wanda ya yarda yau cewa Italiyanci kayan ado ne, ba shi da bakin magana gobe in an ce Fulfulde ko Kanuri ko Larabci bai kawo riba ba.

Wasu manya sukan ce tsara manhaja ba aikin ɗalibai ba ne, su yi karatu su bar wa hukuma. Masu wannan magana su koma tarihin Italiyar kanta. Jami'ar Bolonya, wadda ake lissafa kafuwarta daga 1088, kuma ake ɗauka ita ce mafi tsufa a Turai, ƙungiyar ɗalibai ce tun asali. Su ke zaɓen shugaba daga cikinsu, su ke ɗaukar malamai su biya su, har tara sukan ci malamin da ya makara ko ya tsallake babi. Ɗaliban Bajiniya ta Yamma ba shisshigi suka yi ba, gadonsu suka nema.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da abu biyu. Ta nemi a rubuta a dokar jami'a cewa ba za a rufe ko a dakatar da wani digiri ba sai an baje lissafin a fili, an kuma saurari ɗaliban sashen a gaban majalisar malamai. Kana ta matsa wa sashen tarihi da na harsuna su tura ko da mutum biyu ne Nafoli ko Rum, su koyo harshen, su dawo mana da Alwazzan cikin Hausa kai tsaye daga rubutun 1526.