Damina da Yawon Buɗe Ido: Darasi Daga Garin Gembu

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma da wannan magana ce ƙungiyoyin ɗalibai suke kafa hujja duk lokacin da suka tashi shirya yawon buɗe ido. Sai dai akwai abu guda da masu shirya irin wannan tafiya ba su cika sanyawa cikin lissafi ba, wato ruwan sama. Akan tsara jadawali tun daga ranar tashi har ranar dawowa, a yanke kuɗin mota da na masauki da na abinci, amma ba a tanadi abin da za a yi ba idan gari ya waye da hadari. Alhali kuwa jadawalin da bai bar wa ruwa gurbi ba bai kammala ba, haka kuma shugaban tafiyar da ya soke zuwa wani wuri saboda ruwa bai gaza ba. Garin Gembu ya isa misali a kan haka.

Gembu ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, jihar da aka cire daga tsohuwar Gongola a 1991. Garin yana bisa tsaunin Mambila, kusa da iyakar Kamaru, inda tudun ƙasa ya kai kimanin mita 1,600 sama da teku. Mai zuwa daga Jalingo zai bi ta Bali da Serti, daga Mayo Selbe kuma sai ya fara hawa ta wata hanya mai yawan kwana, wannan gefe dutse, wancan gefe rami mai zurfi, sa'an nan ya ratsa Maisamari da Nguroje kafin ya iso. Abubuwan da ke jawo baƙi su ne tuddai masu ciyawa kore shar, da garkunan shanu, da gonakin ganyen shayi na Kakara, da kurmin Ngel Nyaki, da kogin Donga wanda ke gindin garin. Damina a can takan fara wajen watan Afrilu, ba ta ɗaukewa sai wajen Oktoba, wato ta fi ta Kano ko ta Sakkwato tsawo nesa ba kusa ba.

Wanda ya saba da ruwan ƙasar Hausa, inda hadari kan taso daga gabas a gan shi tun daga nesa, zai iya ruɗuwa a Mambila. A can gajimare kan sauko ya rufe tudu har direba ya kasa ganin abin da ke gabansa. Hanyoyin ƙauye masu jar ƙasa kan koma santsi, gefen dutse kan zaftare, ƙoramar da aka tsallake da safe kuma ta cika ta batse kafin la'asar, ko da ba a yi ruwa a wurin ba, domin ruwan da aka yi a kan tuddai duk ita yake gangarowa. Saboda haka, shiga kwale-kwale a kogin Donga bayan an kwana ana ruwa, ko sauka daga tsaunin da dare cikin hazo, kasada ce da rayukan 'ya'yan mutane.

Wasu za su ce ai an biya kuɗi, ɗalibi ya tara taro da sisi don ya ga wurin da aka yi masa alkawari, don haka hana shi zalunci ne. Wannan magana tana da nata nauyi, amma kuɗin da aka kashe ya riga ya tafi, ko an je ko ba a je ba, rai kuwa ba a sayo shi a kasuwa. Wasu kuma za su ce to a bari sai da rani. Lalle mai son hawa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419, ko shiga can cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, gara ya jira rani. Amma da rani ciyawa ta bushe, an ƙone wasu wurare, hazon hunturu kuma ya rufe nesa. Koren nan da ake baro gida don a gani, kyautar damina ce. Ba ya yiwuwa a so koren a ƙi ruwan.

Mafita ita ce a tsara tafiyar yadda za ta bi ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun a makaranta ya kamata a ƙara kwana ɗaya a kan lissafi, a yi hawa da sauka da rana tsaka, kowa ya riƙo rigar sanyi da ta ruwa da takalmi mai kama ƙasa. Wuraren da ke nesa a sanya su da hantsi bayan hazo ya washe, tun da galibi da yamma hadari ya fi haɗuwa. Sa'an nan kafin a fita a tambayi direbobin tasha da masu kwale-kwale, domin su suka san halin hanya da na kogi, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Daɗin daɗawa, ga ɗalibin Hausa sa'o'in da ruwa ya tsare shi a cikin gari ba asara ba ce. Yankin yana da tarihin da ya kamata a ji daga bakin dattawansa: ya zauna ƙarƙashin Jamus, ya koma riƙon amana a hannun Ingila, sa'an nan bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Nijeriya cikin Lardin Sardauna. A rumfar kasuwa ko teburin mai shayi zai ji Mambilawa da Fulani da Kaka da Hausawa 'yan kasuwa suna cuɗanya, Fulatanci na gudana a tsakaninsu, Hausa kuma tana fita da karin da ba irin na Kano ko na Zariya ba. Wanda ya zauna da alƙalami da takarda ya lura da yadda suke furta kalma, da yadda suke bi da jinsi, da kalmomin da suka aro, zai koma da abin da zai gina kundin bincike a kansa. Hoton tudu kowa na iya ɗauka, wannan kuwa sai wanda aka horar.

A taƙaice, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai su riƙa gabatar da jadawali biyu, na rana da na ruwa, malaman da ke sa hannu a takardar izini kuma su ƙi sa hannu sai sun ga na biyun. Wurin da ruwa ya hana a gani bana yana nan, za a iya komawa baɗi, muddin an dawo da kowa gida lafiya.