A SAUYA BABBAR MANHAJA YANZU, KO A DAKATA?

Wannan mako wani saurayi mai situdiyon ɗaukar waƙa ya rubuto daga Kano, yana tambaya wai in sabuwar babbar manhajar kwamfuta ta fito, watau irin su Windows da macOS, ya kamata ya ɗora ta nan da nan ko kuwa ya saurara?

Samari, ni dai ina gefen saurarawa, ga dalilina. Aikin sauti ba ya jure jinkiri. Galibi kwamfuta takan yanka murya gida 48,000 cikin daƙiƙa ɗaya, ta riƙa miƙa ta ƙunshi-ƙunshi. In ƙunshi ɗaya ya makara, ko da ƙiftawar ido ce, sai a ji ƙas a tsakiyar waƙa. Mai kula da miƙawan nan kuwa wata 'yar manhaja ce da a ke kira direba, ita ce tafinta tsakanin kwamfuta da akwatin da a ke soka makirfo. Galibi kamfanin akwatin shi ke rubuta ta, ba mai babbar manhaja ba, sau da yawa kuma sai ya yi watanni bai daidaita ta da sabuwar ba.

Ku tuna da 2019, sa'ad da Apple ya fito da macOS Catalina. Ya hana duk manhajoji masu bit 32 aiki, ya kuma kawar da iTunes. Waɗanda suka yi azarɓaɓi suka buɗe tsofaffin ayyukansu, suka tarar kayan gyaran murya da suka saya da kuɗinsu sun ƙi motsi. Alhali kuwa kamfanonin kayan sauti da dama sun yi ta gargaɗi a dakata. Mawaƙin da ya biya kuɗin zama, ina ruwansa da wannan uzuri? Sai ya ɗauki aikinsa ya kai gaba.

Amma fa kada a ce na ce a zauna har abada. Microsoft ya janye kulawa ta kullum daga Windows 10 ran 14 ga Oktoba, 2025, alhali Windows 11 ta fito tun 2021. Wanda ya shekara huɗu yana jira ya wuce haƙuri, ya shiga sakaci, balle in kwamfutarsa na hawa intanet.

To, abin yi, kada ka sauya kana tsakiyar aikin wani. Ka rubuta sunan kowace manhaja da ka ke ci da ita, ka duba ko mai ita ya ce ta dace da sabuwar. Ka kwafe dukan abin da ke cikin kwamfutar a wani faifai dabam, don ka sami hanyar komawa. In kana da ta biyu, fara gwadawa a kanta.

Wanda ya riga ya koma Windows 11, ya rubuto mana sunan akwatin sautinsa da yadda suka kwashe, mu buga 'yan'uwa su gani.