Waiwaye: Rigimar Mandriva da Kwamfutocin Paiko

A shekarar 2007 aka yi odar ƙananan kwamfutoci 17,000 ƙirar Classmate na kamfanin Intel domin makarantun Najeriya, ɗauke da babbar manhaja mai suna Mandriva Linux, 'yar ƙasar Faransa. Ana cikin haka sai labari ya ɓulla cewa za a goge ta a ɗora Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kokawa, aka yi ta cacar baki kan lamarin.

Lokaci ne ya raba gardama. Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, kamfanin Mandriva kuma ya durƙushe a 2015. Windows 7 ta bi sahu a 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025.

Wannan ya shafe mu kai tsaye a Paiko. Galibin kwamfutocin shagunan buga takardu da na ɗalibai masu shirin JAMB na hannu ne, kuma da yawansu Windows 11 ba za ta hau kansu ba. Ko dai a ci gaba da tsohuwar manhaja ƙofa a buɗe ga ɓarayin intanet, ko a duba dangin Linux, waɗanda kyauta ne.

Su ma halinsu ya bambanta. Debian, da ta faro tun 1993, ba ta gaggawar sauyi, shi ya sa ba ta cika rikicewa ba, sai dai tana son mai haƙurin koyo. Fedora na sabuntawa kusan duk wata shida, abin da ke cin data da lokaci a garin da wuta ba ta tsayawa. Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004, tana fitar da bugu na musamman duk shekara biyu da ake kula da shi shekara biyar. A kanta aka gina Linux Mint, mai fuska irin ta Windows, wadda sabon shiga ba ya ɓata a cikinta. Ita nake ba mai tsohuwar kwamfuta shawara, amma mai cin abinci da CorelDRAW ya sani ba a yi ta don Linux ba.

Abin da 2007 ta koya mana shi ne, ƙarkon manhaja yana hannun masu kula da ita. Ba a sayen babur ɗin da babu bakanikensa a gari. Kafin ka ɗora kowacce, tambayi shekara nawa suka rage a kula da ita, ko firintarka za ta yi aiki, da kuma wanda zai gyara maka ba sai ka shiga mota zuwa Minna ba. Matasanmu da ke karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna su ne ya kamata su cike wannan gurbi, su koyi Linux da kyau, su dawo gida su buɗe shagon gyara.