Ƙwayar haske ɗaya tak: hanyar araha ce ta cancanci kuɗin bincike

Haske ba ya ture haske. Haska tocila biyu su gitta juna, hasken kowace zai wuce abinsa kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Wannan hali ne ke ba masana kimiyyar kwantum wahala, domin suna son na'urar da ke fitar da ƙwayar haske, wato foton, ɗaya bayan ɗaya. Mabuɗin sirrin da aka aika da ƙwaya guda, duk wanda ya leƙa shi a hanya sai ya bar alama. Idan kuwa biyu suka fita tare, ɓarawo na iya ɗauke ɗaya ya bar ɗaya, ba wanda ya sani.

A 2005, rukunin Jeff Kimble na Caltech a Amurka ya tsare atam ɗaya na sinadarin siziyam tsakanin madubai biyu masu fuskantar juna. Ƙwayar da ta fara shiga sai ta toshe wa ta biyu ƙofa. Aiki ya yi kyau, amma sai an sanyaya atam ɗin da leza, a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska. Wannan ba kayan kasuwa ba ne.

A 2010, Timothy Liew da Vincenzo Savona a Lausanne suka kawo wata dabara: a haɗa irin waɗannan kejin haske biyu, ko da kayan da aka yi su da shi ba ya sa ƙwayoyin su taɓa juna sai ɗan kaɗan. Idan aka daidaita su, hanyoyi biyun da ƙwayoyi biyu za su bi su taru a keji ɗaya sai su soke juna, kamar igiyar ruwa biyu da suka yi karo. A 2018 aka tabbatar da haka a Leiden da kuma Faransa.

Masu suka na cewa hasken da ake samu ba shi da ƙarfi, kuma toshewar ta ɗan ƙanƙanin lokaci ce. Gaskiyarsu. Amma a ganina nan ya kamata masu ba da kuɗin bincike su dage. Silikon, wanda masana'antu suka ƙware wajen sarrafawa, yana cikin kayan nan masu rauni. Idan dabarar ta zauna a kansa, bankuna da kamfanonin sadarwa za su iya sayen na'urar kamar sauran kayan aiki. Idan sai da atam mai sanyi, za ta tsaya a hannun 'yan tsirarun ɗakunan gwaji masu kuɗi.